Baba Wadaƙa na Makera Ya Ajiye Begila

Ranar Alhamis, 17 ga watan Yuli, 2025, Ubangiji ya kira bawansa Wilson Joshua, wanda duk Makera da Kakuri suka fi sani da Baba Wadaƙa. Ya rasu a gidansa da hantsi, bayan jinyar hawan jini da ta kwantar da shi tun farkon damina, yana da shekara saba'in da 'yan kai. Ina cikin aji yayata Esther, matarsa, ta kira ni. Ba ta yi kuka a waya ba. Cewa kawai ta yi, "Jethro, ka zo, abokin gardamarka ya tafi."

Yaya Wilson, na zauna da niyyar in rubuta maka ta'aziyya cikin natsuwa, yadda ya dace da malamin makaranta, amma duk inda na kama labarinka sai in ji ganga na tashi a ƙirjina. Ka yi mini haƙuri idan alƙalamin ya ɗan taka rawa. Kuma tunda a bakina da naka aka haifi sunan da ya bi ka har kabari, ni ya kamata in faɗa wa waɗanda ba su sani ba yadda aka yi.

Daga Zonkwa ka zo Kaduna kana saurayi, ka shiga ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, ka ƙware a gyaran injinan saƙa. A zamanin nan idan jiniyar canjin aiki ta busa, titi yakan cika da kekuna har mai mota ya rasa hanya. Ka auri yayata, ni kuma a gidanku na ci na sha har na gama kwalejin horon malamai, ba ka taɓa nuna mini cewa ni ɗan riƙo ba ne. Daga baya masaƙa ta rufe. Magidanta da suka saba fita da sassafe da kwanon abinci a bayan keke suka koma zaman gindin mangwaro. An daɗe ana jiran haƙƙin sallama, wasu ma sun mutu ba su gani ba, kuma da aka tashi biya wani ɓangare kawai aka bayar.

Kowa yana da abin da ya tsara. Wasu sun sayi babur na haya, wasu sun ƙara ɗaki a gida don 'yan haya. Yaya Esther ma ta gama nata lissafin tun kafin kuɗin su zo: injin niƙa a ƙofar gida, sabon kwano a ɗakin da ke yoyo, ga kuma babbar 'yarku Peace ta samu gurbi a makarantar koyon aikin jinya. Ka saurare ta ka ce to. Sannan ka ce za ka je babbar kasuwar Anaca ka duba farashin inji, don an ce can ya fi sauƙi.

Da ka dawo, ba a ƙafa ka shigo layi ba, bas guda ka yi shata. Aka fara sauke akwatuna, manya da ƙanana, baƙaƙe, wasu an ɗaure su da igiya. Maƙwabta suka taru suna yi wa Esther barka, wai lallai wannan inji babba ne tunda a rarrabe ya zo. Ka durƙusa ka buɗe akwati na farko, sai ga begila tana ƙyalli. Na biyu ma begila. Sai ƙahonni masu lanƙwasa, sai wani ƙaton da ake ratayawa a kafaɗa wanda bakinsa ya kai faifai, sai ganguna ƙanana da babba ɗaya, da fayafayan ƙarfe na bugawa. Kayan badujala ne cikakku, na gwanjo, wasu duk sun lotse. Babu injin niƙa, ko ƙusarsa.

Kowa ya san ka yi busa a Birged, ƙungiyar samarin coci, kana yaro, kuma mukan ji ka kana fito a bayan gida. Amma ba wanda ya san abin bai taɓa barin zuciyarka ba.

Yaya Esther ta aiko aka kira ni, a matsayina na ƙanenta kuma mai ilimin gida, in zo in yi maka magana. Na tarar da tsakar gida kamar an shanya rana a kan tabarma, yara sun hau katanga suna leƙe, kai kuma kana zaune da tsumma da toka kana goge ƙaho. Na gaishe ka, na gyara murya, na ce, "Yaya, da girmanka, wannan almubazzaranci ne."

Ban taɓa ganin ranka ya ɓaci kamar ranar ba, kuma ba don na tsoma baki a harkar gidanka ba. Kalmar ce ta yi maka zafi. Ka ajiye tsumman ka ce in janye ta. Ka ce almubazzari shi ne wanda ke zubar da abin da Allah ya ba shi inda ba zai amfani kowa ba, kuma kalma ce mai ɗauke da zunubi, ba a jifan mutum da ita haka kawai. Na ce to, facaka. Ka ce facaka ta yaro ce da ya samu ruwa a kwatami, ya watsa nan ya watsa can, ya tashi ba abin nunawa. Na ce bushasha fa? Ka ɗaga ƙafarka ka nuna mini silifas ɗinka da aka ɗinke da waya, ka tambaye ni ko haka 'yan bushasha suke fita. Sannan ka ce, "Ticha, in dole sai ka zage ni, ka ce na yi wadaƙa. Wannan na yarda."

Na ce ai duk ɗaya ne, wadaƙa ma kashe dukiya ce ba tare da awo ba. Ka ce a'a, in saurari yadda mutane ke faɗinta. Idan aka ce an yi wadaƙa da nama a gidan biki, mai faɗin yana zargi ne da baki amma idonsa na cewa da ma yana wurin. Mai wadaƙa ya samu ne da yawa, ya saki hannu, kuma ba shi kaɗai ya ci ba. Har ka ƙara da cewa wadaƙa da wadata uwa ɗaya uba ɗaya suke. Na ce ni malamin Hausa ne, ban taɓa ganin hujjar wannan dangantaka ba, kuma mutumin da ɗakinsa ke yoyo bai samu da yawa ba. Ka ce rabonka da ka riƙe abu mai yawa a hannu tun da aka haife ka sai wannan karon, kuma ba ka son ka mutu ba ka taɓa sakin hannu ba. Yaran da ke kan katanga suka ji, suka sauka suna tsalle suna "Baba Wadaƙa! Baba Wadaƙa!" Kafin magariba sunan ya isa bakin titi.

Ba zan ɓoye abin da wannan sayayya ta jawo ba, domin kai ma ba ka taɓa ɓoyewa ba. Peace ba ta tafi makaranta a shekarar ba, gurbinta ya wuce. Damina ta sauka a kan tsohon kwano, ana jera robobi a tsakar ɗaki. Yaya Esther ta kafa kaskon ƙosai a bakin layi, ta kuma daina yi maka magana. Takan dafa abinci ta ajiye maka, ta wanke maka kaya, amma ko sannu ba ta haɗa ku. Dattawan ikilisiya suka kira ka suka yi maka faɗa. Tsofaffin abokan aikinka kuwa, in ka wuce sai su dunƙule hannu a baki su yi maka kukan begila.

Kai kuma ka shiga bin samarin unguwa ɗaya bayan ɗaya. 'Ya'yan ma'aikatan da aka sallama ne, sun gama sakandare ba aiki ba makaranta, suna wuni a mahaɗar hanya, wasu sun fara shaye-shaye. Ba wa'azi ka yi musu ba. Begila kake miƙa wa yaro ka ce ya gwada ko zai iya fitar da sauti, in ya kasa abokansa su yi masa dariya, gobe sai ya dawo don ya fanshe. Haka ka kama Sam, wanda a lokacin uwarsa ta riga ta fid da rai da shi. Kullum da la'asar kuna filin makarantar firamare, kuma in faɗi gaskiya, abin da ke fitowa daga filin nan a watannin farko ba kiɗa ba ne. Karnuka kan taya ku. Malam Mamman tela, maƙwabcinku wanda ya ƙi barin Makera lokacin da 'yan'uwansa Musulmi suka ƙaura hayin kogi, ya ce shi a wurinsa wannan ba wadaƙa ba ce ba almubazzaranci ba, hauka ne tsagwaronsa, amma a turo masa yaran ya auna su. Da ragowar atamfar da masaƙa ta taɓa raba muku ya ɗinka musu riguna, ja da ruwan ɗorawa, ana hango su tun daga nesa.

Sai Baba Isaac ya rasu. Mutumin Binuwai ne, shi ke share ɗakin injinan da kake aiki, matarsa ta riga shi, ba a san inda 'ya'yansa suke ba. Ikilisiya ta sayi akwati, aka shirya a sa shi a bayan a-kori-kura a kai shi makabarta da 'yan mutanen da ba za su cika benci biyu ba. Ka je ka samu fasto ka ce mutumin da ya yi shekaru yana share ƙarƙashin ƙafafunku ba zai tafi kamar buhun masara ba, badujala za ta raka shi. Fasto ya ce yaranka ba su iya ba tukuna. Ka ce Isaac ba mai tsegumi ba ne.

Ina wurin, da idona na gani. Ka jera su gaban motar cikin jajayen rigunansu, ka ɗaga sanda, babbar ganga ta faɗi, ƙahonni suka ɗauka gaba ɗaya. Sautin ya daki katangu ya dawo. Mata suka fito da kumfar wanki a hannu, masu shago suka bar shago a buɗe, 'yan acaba suka tsaya suka bi baya a hankali. Ana tambaya wane babban mutum ne ya mutu, ana cewa Isaac mai shara. Tsofaffin ma'aikata suka taso daga gindin mangwaro, har waɗanda ke yi maka kukan begila, suka shiga sahu bibbiyu kamar yadda suke shiga ƙofar masaƙa a da. Wani tsoho ya ce a sauke akwatin daga mota, a kafaɗa za a kai shi, aka kuwa sauke. Kafin mu kai babban titi ba a ganin ƙarshen mutane. Yaran ba su san waƙoƙi da yawa ba, in sun ƙare sai su koma ta farko, jama'a na rerawa da Hausa, wasu da harshen garinsu, wasu hawaye kawai suke yi suna taka ƙafa. Sam yana gaba, kumatu a kumbure, uwarsa na gefen titi tana guɗa tana nuna shi tana cewa ɗanta ne.

A nan na hango Yaya Esther. Ta bar kasko a kan wuta, ta biyo mu da cokalin suya a hannu, ba ta ma san tana riƙe da shi ba. Bayan an rufe kabari mutane sun fara watsewa, ta zo ta tsaya a gabanka. Ta ce, "Baban Peace, mai babbar gangar nan sauri yake yi. Ka ce masa ya riƙa bin ƙafar mutane." Maganarta ta farko ke nan gare ka tun ranar da bas ta sauke akwatuna. Ka ce to, ka juya kamar kana neman wani abu a aljihu, amma na ga idonka.

Daga ranar aka fara zuwa ɗaukar ku biki da jana'iza da bikin godiya na coci-coci, daga Kudenda har Gonin Gora. Yaya Esther ta karɓe ragamar ciniki, domin ta gane in aka bar maka kyauta za ka yi wa kowa. Duk da haka ka kafa doka ɗaya da ba ta iya karyawa ba: duk tsohon ma'aikacin masaƙa da ya rasu, ko matarsa, badujala za ta raka shi ba a karɓi komai ba. An canza kwanon ɗaki. Peace ta tafi makaranta a shekara ta gaba, ta gama, ta kama aiki a asibiti. Samari da yawa sun bi ta hannunka sun wuce, wasu suna busa a Abuja da Jos, wasu sun bar busa sun kama sana'a amma sun bar mahaɗar hanya har abada.

Sai dai Peace ba ta manta ba. Tana girmama ka, tana saya maka magani, amma in badujala ta taso ta nan, ita ta can take bi. Da aurenta da Matthew ya matso, ta same ka a gaban uwarta ta ce alfarma ɗaya take roƙo, kada ta ji ƙaho ko ɗaya ranar bikinta. Duk mun zaci za ka yi gardama. Ka sunkuyar da kai ka ce, "To, uwata." Daga baya ta faɗa mini cewa da safiyar ranar, kafin ku shiga mota, ka riƙe hannunta ka ce shekarar nan da ta rasa kai ka cinye mata ita, ba ka taɓa mantawa ba, kuma ba ka da abin da za ka biya ta da shi sai dai ta yafe.

Aka ɗaura aure da mawaƙan coci kawai, komai tsaf. Aka fito ƙofar majami'a ana ɗaukar hoto, mutane na raɗa, wai yau 'yar Baba Wadaƙa ce aka aurar shiru kamar ana jarrabawa. Na ga amarya tana waige-waige. Can ta juyo ta ce, "Baba, da gaske ba ka kawo su ba?" Ka ce ai ita ta hana. Ta dube ka, hawaye na wanke mata kwalliya tana dariya, ta ce, "Yau kuma ka fara jin magana?"

Farin hankici ka zaro daga aljihu ka ɗaga sama. Daga bayan azuzuwan makarantar Lahadi babbar ganga ta amsa. Ashe tun safe suna tsugune a can cikin zafi, da rigunansu da kayansu, na yanzu da tsofaffin da ka kira daga garuruwa, ka ce musu ko da za a nema. Suka ɓullo ta kusurwa suna busa kamar za su tsaga sama, Sam na gaba. Coci ta hargitse da guɗa. Ka miƙa wa Peace sandar jagora, ta tattare farar rigarta da hannu ɗaya, ta ɗaga sanda da ɗayan, ta ja su har bakin titi, ango na bin ta da takalmanta a hannu. Direbobin manyan motoci suka tsaya suna taya su da oda. Kai kuwa ba ka busa ba ranar, rawa ka yi da yayata a tsakiyar titi, tsofaffi biyu, har hularka ta faɗi.

Gardamarmu dai ba ta ƙare ba, kuma ban janye ba. Har gobe ina cewa magidancin da ya tafi sayen injin niƙa ya dawo da ƙahonni ya yi abin da ba zan ba kowa shawara ya yi ba. Amma kalmar ta kuɓuce mini. A Makera yanzu idan aka ce za a yi wa tsohuwa wadaƙa, ba ana nufin za a ɓarnatar da dukiya ba, ana nufin za a kira badujala a raka ta da girma. Wata shekara na ba ɗalibai aikin su sa kalmar a jimla, wata yarinya ta rubuta cewa kakanta talaka ne amma da ya mutu an yi masa wadaƙa. Na daɗe riƙe da jan biro ban san abin da zan yi ba. Da na kawo maka ƙara, ka yi dariya har da tari, ka ce in ba yarinya makinta.

Zuwana na ƙarshe wurinka, magana ta yi maka nauyi. Sam ya zo gaishe ka, ya zauna a bakin gado yana rera wata waƙa ƙasa-ƙasa, sai na ga yatsunka uku na dama suna motsi a kan bargo, suna danna maɓallan begilar da ba ta nan. Ba ka kuskure ko ɗaya ba, in ji Sam.

An yi jana'izarka ranar Asabar ta makon da ya biyo. Ba a aika wa kowa takardar gayyata ba, amma badujala ta coci-coci suka yi ta sauka daga motoci tun safe, kowace da kalar rigarta, kuma kowace akwai wanda ya koya a hannunka ko a hannun wanda ka koya wa. Ruwa ya sauko ana tsakiyar hanya, ba wanda ya nemi mafaka. Malam Mamman ya tsufa, ba ya iya doguwar tafiya, sai ya sa aka fito masa da kujera ƙofar shago, da akwatinka ya zo wucewa ya dafa sanda ya miƙe tsaye har aka wuce.

Ya Ubangiji Allah mai jinƙai, ga bawanka Wilson ya zo gare ka. Ka gafarta masa kurakuransa, ka karɓe shi cikin hutunka ta wurin Yesu Almasihu, ka sa shi cikin masu yabonka. Ina miƙa ta'aziyyata ga yayata Esther, wadda ta ɗauki nauyin wannan mutum da ƙahonninsa da haƙurin da Allah kaɗai zai iya saka mata. Ga Peace da mijinta Matthew da ƙannenta da jikoki. Ga dangi na Zonkwa. Ga Sam da dukan 'yan badujala. Ga Malam Mamman da maƙwabta. Da ragowar tsofaffin ma'aikatan masaƙa, waɗanda suka rasa mai raka su. Allah ya ba mu haƙuri, ya ta'azantar da zukatanmu, ya sa mu ma mu gama lafiya. Amin.

Ka huta, Yaya Wilson. Mun ji ka.

Ƙanenka,
Jethro